Huɗu a Sama, Huɗu a Ƙasa

Malam ya ƙare ƙuruciyarsa kaf yana koyar da lissafi a makarantar sakandare, kuma irin mutanen nan ne da ko ritaya ba ta raba su da alli. Ranar da magina suka miƙa masa ɗan benen da ya gina, tun kafin a shigo da gado ko tukunya, tsani ya fara nema. Ya hau can saman bangon gabas ta cikin gida, inda matakala ta bar fili tun daga rufi har ƙasa, ya kafa wata doguwar ƙusa, ya ɗaura mata zare, ya sako shi. A bakin zaren ya rataya wani tsohon kwaɗon ƙofa da makullinsa ya ɓata tun suna gidan haya. Kwaɗon ya yi ta lilo, can ya gaji ya tsaya cak, saura ƙiris ya taɓa siminti.

Matarsa, wadda kowa ke kira Umma, tana riƙe da tsanin tana kallon ikon Allah.

"Malam, mutane in sun tare a sabon gida labule suke fara ratayawa."

"Labulen zai jira. Ɗauko rula ki zo, Monita."

Haka yake ce mata tun suna da sauran baƙin gashi, wai don ita ce mai tsawatar wa kowa a gidan. Ya sauko ya durƙusa, ya nuna mata. Zare in da nauyi a bakinsa ba ya karkata, ko duniya za ta tashi. A sama, tsakanin zaren da bango santimita huɗu ne, haka ya ɗaura shi. Ya sa ta auna a ƙasa. Huɗu. Tsayin bangon kuwa ɗari shida.

"To, in ana son sanin gangaren layi, sai a ɗauki tsayin da ya hau a raba da nisan da ya matsa gefe. Bangon nan ya hau ɗari shida. Nawa ya matsa? Huɗu a ɗebe huɗu."

"Babu."

"Sifili ke nan. Danna ɗari shida a raba gida sifili."

Ta danna a 'yar kalkuletarsa mai fashewar murfi. Maimakon lamba sai wani harafi ya fito shi kaɗai a gefe, E.

"Ga shi nan ta lalace," in ji Umma.

"Lafiyarta ƙalau, ƙi ta yi. Ba a raba abu gida babu. Layin da ke tsaye cak ba shi da lambar gangare, ba wanda zai iya faɗa miki ita. Abin da kawai za a iya faɗa a kansa shi ne inda yake tsaye." Ya zaro guntun alli daga aljihu ya rubuta a sabon fenti, x = 4. Umma ta ji kamar ta yi kuka saboda fentin. "Ki hau sama, huɗu. Ki sauko ƙasa, huɗu. Wannan shi ne ikweshan ɗin bangonmu. Muddin kalkuleta na ƙin amsawa, ki yi barcinki har da minshari. Ranar da ta ba ki amsa, ki zo ki gaya mini."

Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Kullum da safe, bayan ya sha shayi, sai ya durƙusa ya auna, ya danna, kalkuleta ta ƙi, ya ce madalla. Baƙi su yi dariya, yara su girma su bar gidan suna ba da labarin zaren Baba. Umma dai ta saba share ƙarƙashin kwaɗon ba tare da tsintsiya ta taɓa shi ba.

Sai ciwon ya zo. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannun Malam, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na hagu ya daina jin magana. Ya yi kwanaki a asibiti. Ranar sallama likita ya ja Umma gefe, ya ba ta na'urar awon jini, ya koya mata yadda ake naɗa ta a dantse.

"Kullum ki auna. In lambar ta hau, hatsari ne. In tana sauka, sauƙi ne ke samuwa. Kuma don Allah, Mama, kada a tayar masa da hankali. Ko labarin rasuwa ne a ɓoye masa tukuna. Ciwon nan in ya dawo karo na biyu, ba ya zuwa da sauƙi irin na farko."

Wannan magana ta shiga kunnen Umma ta zauna daram. An so a shimfiɗa wa Malam gado a falon ƙasa, ya ce shi ba baƙo ba ne da zai kwana a falo a gidan da ya gina. Taurin kan nan dai ciwo bai taɓa shi ba. Dole ɗansu Dogo, wanda ke tuƙa babbar mota, ya nemo maƙwabta suka ɗauke shi a kujera suka hau da shi ɗakinsa na sama, wanda ke jingine da bangon gabas. Tun daga ranar bai sake saukowa ba. Awon zare ya koma hannun Umma. Ta durƙusa da rula a gindin matakala, ta ɗaga murya.

"Huɗu, Malam."

Daga sama sai ta ji 'yan ƙananan ƙarar dannawa, sannan muryarsa mai nauyi. "Ta ƙi. Madalla, Monita."

A cikin wannan hali ne aka sayar da filin da ke gabas da su. Wata rana da hantsi katafila ta iso, ta fara cin ƙasa ba ji ba gani. An ce dogon bene za a yi, har da wajen ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa. Kofuna suka riƙa kaɗawa a kan tire. Malam ya tambaya, Umma ta ce masa ɗan gini ne ake yi can nesa da katangarsu. Ƙaryarta ta farko ke nan, kuma ba ta ji nauyinta ba sam.

Ba a daɗe ba, wata safiya ta ɗora rula, zaren bai faɗa kan huɗu ba. Ya ɗan matso wajen bango da layi biyu ƙanana. Ta goge idonta, ta juya rular, ta jira kwaɗon ya daina motsi. Uku da ɗigo takwas. Ta ɗaga kai tana kallon zaren har can inda ya ɓace a duhun rufi, ta tuna da lambar jinin Malam ta safiyar nan, wadda ta kusa ɗari da tamanin.

"Monita, kin yi shiru."

"Huɗu, Malam."

"Ta ƙi. Madalla."

Da rana, yana barci, ta saci kalkuletar daga gefen matashinsa ta sauko da ita kicin. Ai ba a banza ta zauna da malamin lissafi ba. Huɗu a ɗebe uku da ɗigo takwas. Ɗari shida a raba da abin da ya rage. Ta danna tana fatan ganin harafin nan da ta taɓa rainawa. Kalkuleta ba ta ƙi ba. Ta amsa mata da sauri, kamar dama jira take a tambaye ta: dubu uku.

Da Dogo ya biyo da yamma ta ja shi kicin ta nuna masa. Shi Dogo, Allah ya ba shi tsawo da kirki, amma lissafin ubansa ko ɗigo bai gada ba. Ya karkata kai ya dubi lambar, ya je ya dafa bangon ya tura shi da ƙarfinsa.

"Umma, bangon nan ko mota ce ta doke shi sai dai ita ta ji jiki. Layi biyu a rula? Ƙila zaren ne ya tsufa. Ke dai kada Baba ya ji. Kin san shi, yanzu sai ya ce a sauko da shi ya je ya yi faɗa da masu aikin."

"Ya ce ranar da ta amsa in gaya masa."

"Da yana da lafiya ya faɗa."

Haka uwa da ɗa suka rufe maganar, kowa na jin ya yi abin kirki.

Washegari Umma ta yafa mayafi ta zagaya wajen aikin. Ba ta taɓa leƙa ramin ba sai ranar. Zurfinsa ya fi tsayin ɗaki, ruwa ya kwanta a gindinsa kore shar, kuma an yanke ƙasar tas har jikin gidanta. Tana iya hango ƙasan harsashin bangon gabas a fili, kamar haƙorin da dasashi ya janye ya bari. Shugaban leburori ya taho yana goge hannu a wando. Ta gaya masa zancen zare da rula. Ya saurara da ladabi, irin ladabin da ake yi wa tsofaffi in ba a da niyyar yin komai.

"Mama, injiniya ya duba komai. Da mun zuba kankare shi ke nan. Ki kwantar da hankalinki."

Ta dawo gida ba hankalin a kwance.

Zaren ya ci gaba da matsowa. Uku da rabi. Ta danna, dubu ɗaya da ɗari biyu. Bayan wasu kwanaki, uku cif. Ta danna, ɗari shida. A nan ne wani tunani ya zo mata, ta kuwa rungume shi hannu bibbiyu. Lambar sauka take yi. Daga dubu uku ta dawo ɗari shida. To ba haka likita ya ce ba? In ta hau hatsari, in tana sauka sauƙi. Watanni ke nan rayuwarta duk a kan lamba mai sauka take, tana addu'a a kanta, tana hana gishiri saboda ita. Sai ta ce wa ranta ciwon bangon ne ke lafawa, ya yi tsanani a farko yanzu yana sauka, wata rana zai kai ƙarshe a huta. Kada wani ya yi mata dariya. Idonta na ganin zaren na kusantar bango, kuma can ƙasan zuciyarta ta san abin da take gani. Amma mace ce da ke kwana da tsoro biyu, ta samu wanda zai ɗauke mata ɗaya.

Gidan kuwa bai daina magana ba. Ƙofar kicin ta fara gogar ƙasa, sai an ɗaga ta ake rufewa. Wata 'yar tsaga siririya ta fito a saman tagar matakala. Da safe Umma kan tarar da garin siminti a kan matakala, ta share kafin ta hau da shayi. Kullum kuma ta durƙusa ta ɗaga murya ta ce huɗu, daga sama a ce madalla. Jinin Malam ya yi ta sauka. Har ya fara motsa yatsun hannun hagu, yana tsokanarta wai shayinta ya koma ruwan wanka.

Ranar da rula ta nuna ɗaya, wata tifa ta wuce a layin, sai Umma ta ji wani ɗan sauti daga gindin matakala. Ƙyas. Ƙyas. Kwaɗon ne ke taɓa bango. Duk motar da ta wuce, duk sanda katafila ta yi nishi, sai ya ƙwanƙwasa, a hankali, kamar baƙo mai kunya.

"Monita, wa ke buga ƙofa?"

"Masu aikin can ne, Malam."

"Kamar a cikin gida nake ji."

"Kunnenka ne."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani tsohon ɗankwalinta mai ruwan toka da ɗigon ja, ta yage gefensa, ta naɗe kwaɗon da shi ta ƙulle. Ta san abin da take yi ba kyau, ta kuma yi. Ƙarar ta ɗauke.

Sai aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari ya waye shiru, ba katafila, ba hayaniyar leburori, sai ɗigar ruwa daga indararo. Umma ta sauko da rula ta tarar ba abin da za ta auna. Kwaɗon ya jingina da bango ya kwanta abinsa, zaren ya bi jikin fenti. Ta danna ɗari shida a raba gida huɗu. Ɗari da hamsin.

Ta hau da shayi, ta naɗa wa Malam na'ura a dantse. Na'urar ta kumbura, ta saki iska. Ɗari da hamsin.

"Kin gani ko?" in ji shi, yana murmushi da rabin bakinsa. "Mun kusa. Yau ban ji kin yi kiran huɗu ba."

Ta zauna a bakin gado. Lambobin nan biyu iri ɗaya suka tsaya mata a rai. So take wani ya ce mata duka biyun albishir ne, kuma a duk duniya mutum ɗaya ne ta yarda da maganarsa a kan lamba.

"Malam, in tambaye ka mana. Lambar gangaren nan da kake faɗa, in ta fara sauka, a ina take tsayawa?"

Fuskarsa ta washe. An daɗe ba a yi masa tambayar aji ba. Ya ɗauki fensir da hannunsa mai lafiya ya tsayar da shi a kan tiren shayi.

"Nan, a tsaye cak, ba lamba. Da ya ɗan karkata kaɗan, sai lamba ta fito, ƙatuwa, dubbai." Ya ɗan kwantar da fensirin. "Ya ƙara karkata, ta dawo ɗaruruwa. Ya ƙara, goma. Biyar. Ɗaya." Fensirin na ta sunkuyawa a hankali. Ya sake shi ya faɗi a kan tire. "Sifili. A nan take tsayawa. Layi ya kwanta."

Umma ta zuba wa fensirin ido. Ba ta san sanda hannunta ya kama bakin zanin gado ya murɗe ba. A shirun nan wani ɗan gari ya zubo daga kusurwar rufi, siriri, ya sauka a cikin shayin. Su duka biyu suka bi shi da kallo har ya ƙare.

Murmushin ya bar fuskar Malam. "Me ya sa kika tambaya?"

Ta kawar da kai ta shiga naɗe na'urar.

"Nawa ne yau?"

"Malam, jininka..."

"Ba jinina na tambaye ki ba. Tsakaninki da Allah, nawa ne?"

"Babu," ta ce, hawaye na zubo mata. "Kwaɗon ya jingina da bango."

Ta jira abin da likita ya faɗa. Ta jira bakin ya ƙara karkacewa, idon ya juye. Malam ya rufe ido, ya ja numfashi mai tsawo, jijiyar wuyansa na bugawa tana gani. Da ya buɗe, muryarsa ta fito a daidaice, irin ta ranar jarrabawa.

"In ya jingina, to ba mu ma san iyakar abin ba. Zai iya fin haka. Kira Dogo. Kira duk namijin da ke layin nan. Kada ki tsaya ɗaukar komai."

Allah ya sa Dogo bai yi nisa ba. Ya iso da mai kantin tsallaken titi da mai facin taya, suka ɗora Malam a kujerar roba. Matakalar kuwa a jikin bangon gabas take, ba wata hanyar sauka. Suka fara taka ta a hankali, Umma na biye da jakar magani da na'urar awon jini, ba abin da ta ɗauka sai su. Tsagar saman taga ta buɗe har haske na shigowa ta ciki. Wani abu a cikin bangon na ƙara ƙasa-ƙasa, kamar ana taka busasshen kara. Masu ɗauka na ta nishi.

Da suka kai ƙasa Malam ya ce, "Ku tsaya."

"Baba, ba wajen tsayawa ba ne nan."

"Na ce ku tsaya."

Suka tsaya ɗauke da shi a kujerar. Ya dubi rubutun allinsa da ya dushe a jikin fenti, x = 4. Ya sauke ido kan kwaɗon da ke jingine, a naɗe cikin ƙyalle mai ruwan toka da ɗigon ja, an ƙulle shi da kyau, ƙulli biyu.

"Wannan ɗankwalinki ne," ya ce, ba tare da ya waiwaya ba.

"E, nawa ne, Malam."

Ya ɗan jima yana kallonsa. "Mu je."

Bangon bai faɗi a lokacin ba. Sai da rana ta take, suna zaune a inuwar kanti a tsallaken titi, leburori sun taru can nesa, an hana kowa wucewa. Ba wata babbar ƙara da farko. Bangon gabas ya ɗan sunkuya kamar mai neman abin da ya yar, ya tsaya, sannan ya tafi cikin ramin gaba ɗaya, ya ja matakala da rabin ɗakin sama. Da ƙura ta lafa sai ga gadon Malam a fili, ƙafarsa ɗaya na reto a iska. Mutane suka yi ta salati. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Umma ba bangon take kallo ba, wuyan hannun mijinta ta riƙe tana jin bugun jininsa. Bai janye hannun ba, bai kuma dube ta ba.

Suka koma ɗakuna biyun da Dogo ke haya. Maƙwabta suka yi ta zuwa jaje, kowa na cewa ai an auna arziki, kuma gaskiya ne. Na biyun da likita ya tsoratar da ita bai zo ba. Malam na cin abinci, yana shan magani, yana amsa gaisuwa. In ta kawo shayi ya ce sannu. Sunan nan na Monita dai ba ta sake jinsa ba, kuma rashin sa ya fi mata rushewar gidan ciwo.

Da safe ta zauna a gefen katifa ta naɗa masa na'ura kamar kullum. Ta kumbura, ta saki iska.

"Nawa?" ya tambaya.

"Ɗari da arba'in da biyar, Malam. Ya ƙara sauka."

Sannan ya miƙo hannunsa mai lafiya.

"Juyo mini da ita in gani."